Wa ya kashe auren Spider-Man, kuma me ya sa har yau ba a huce ba?

Ƙanena, ka ce bayan ka kalli fim ɗin Spider-Man na 2021 ka shiga neman ƙarin bayani, sai ka tarar da mutane suna ta cacar baki a kan wani labari mai suna One More Day, wanda a cikinsa aka shafe auren jarumin, ana ambaton Joe Quesada, babban editan kamfanin Marvel na lokacin, cikin fushi kamar jiya abin ya faru. Tambayarka kashi biyu ce: me aka yi, kuma wa ke da gaskiya tsakanin masu karatu da editoci. Na daɗe ina bin waɗannan mujallun labaran zane, tun lokacin da sai a wajen 'yan gwanjon littattafai ake tsintar su, ka samu fitowa ɗaya yau, mai bi mata sai bayan wata uku in an dace. Wannan rigimar na santa ciki da bai. Bari in faɗa maka matsayina tun yanzu don ka san da wa kake magana: editocin suna da matsala ta gaske, amma maganin da suka ɗauko ya fi ciwon illa, kuma a wannan gaɓar masu karatu ne ke da gaskiya.

Akwai abu ɗaya da in ba ka riƙe shi ba, ba za ka gane kan rigimar ba. Spider-Man ba na marubucinsa ba ne. Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi a 1962, a fitowa ta 15 ta mujallar Amazing Fantasy, amma tun daga ranar dukiyar kamfanin Marvel ne. Duk wanda ya rubuta shi bayan nan ɗan ƙwadago ne: a ba shi riƙon jarumin, ya yi shekara uku ko goma, ya miƙa wa na bayansa. Sama da marubuci akwai edita, sama da edita akwai babban edita, shi kuma idonsa na kan abin da ya fi mujallar kanta kawo kuɗi, wato finafinai da kayan wasan yara da riguna. Marubuciyar da ke sakin littafinta shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu kan dame ta a kan wanda jarumarta za ta aura, amma labarin nata ne, ranar da ta ga dama za ta rufe shi. Labarin Spider-Man ba a yarda ya ƙare ba. Wanda kuwa ba a yarda labarinsa ya ƙare ba, ba a so ya tsufa.

Sai dai ba haka aka faro ba, kuma nan ne tushen komai. Peter Parker, wato Spider-Man in ya cire abin rufe fuska, yaro ne ɗan sakandare a 1962, maraya, baffansa Ben da matar baffan, Anti May, su suka goya shi. A 1965 ya gama sakandare ya shiga jami'a. A 1973 aka kashe budurwarsa Gwen Stacy, a fitowa ta 121 ta The Amazing Spider-Man, kuma ta mutu ɗin, ba ta dawo ba. A 1978 ya gama jami'a. Abin da ya bambanta shi da sauran jarumai tun farko shi ne rayuwarsa tana tafiya gaba, abin da ya faru bara yana da tasiri bana. Masu karatu sun ɗauki wannan a matsayin alkawari, kuma ba su yi laifi ba, domin haka aka koya musu karanta shi.

Mary Jane Watson kuwa, wadda daga baya ta zama matarsa, da farko an kawo ta ne a matsayin 'yar gayu mai son rawa da holewa. A 1966, fitowa ta 42, John Romita ya fara nuna fuskarta. Ba wanda ya ɗauke ta matar aure. Abin da ya sauya ta shafi ɗaya ne, shafin ƙarshe na fitowa ta 122, wanda Gerry Conway ya rubuta. Gwen ta mutu, Peter ya dawo ɗaki a karye, ya tarar da Mary Jane tana jiran sa. Ya sauke mata fushinsa, ya gaya mata baƙar magana, ya ce ta fita. Ta nufi ƙofa tana hawaye, ta kama marikin ƙofar, ta tsaya. Sai ta rufe ƙofar tana daga ciki. Babu wata doguwar magana a shafin, ƙarar rufe ƙofa ce kawai. Duk wanda ya taɓa zaman makoki da wanda ba ya son a zauna da shi ya san nauyin abin da ta yi. A 1984 Tom DeFalco ya ƙara zurfafa ta: ta gaya wa Peter ta daɗe da sanin shi ne Spider-Man, ta kuma buɗe masa cikinta a kan gidan da ta taso, uba mai zafin hannu da auren iyaye da ya watse. Ashe dariyar da holewar duk mayafi ne. Ita ma da abin rufe fuskarta take yawo, kamar shi.

An ɗaura auren a 1987, a fitowar shekara-shekara ta 21. A nan dole in ba editoci haƙƙinsu, domin yadda auren ya zo akwai gaggawa a ciki. Stan Lee ne ya so ya aurar da su a zanen da yake rubutawa kullum a jaridu, babban editan lokacin, Jim Shooter, ya ce mujalla ma ta bi sahu. Cikin 'yan watanni aka yi tambaya, aka amsa, aka sha biki. Har taro aka yi a filin wasa na Shea da ke New York, 'yan wasan kwaikwayo suka sa kayan ango da amarya, Stan Lee ya ɗaura. Wasu marubutan gidan, irin su Roger Stern, sun faɗa a fili cewa ba su ga dacewar auren ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka auren ma daga sama aka yanke shi, bai yi ƙarya ba.

Amma abin da aka fara don talla yana iya zama gaskiya idan an rayu da shi. A wannan shekarar ta 1987 J. M. DeMatteis da Mike Zeck suka fitar da Kraven's Last Hunt, wanda har yau ake lissafa shi cikin mafi kyawun labaran jarumin. Maharbi Kraven ya harbe Peter da maganin sa barci ya binne shi da ransa, ya yi mako biyu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya sa ya tona kabarin da hannunsa ya fito cikin ruwan sama, sunan amaryarsa ne yake ta maimaitawa. Cire auren daga wannan labarin, ka cire masa ƙashin baya. Shekara ashirin aka yi a haka. Duk yaron da ya fara karatu tsakanin 1987 da 2007, magidanci ya san Peter Parker.

Duk tsawon wannan lokacin kuma ofishin editoci yana neman hanyar zamewa. A 1994 aka shiga dogon labarin nan na kwafin Peter da aka haɗa a ɗakin gwaji, mai suna Ben Reilly. A 1995 aka ce wai Ben ɗin ne Peter na asali, wanda muka yi shekaru muna karantawa shi ne kwafin, don haka mai auren ya tattara matarsa ya tafi, gwauro ya karɓi aiki. Masu karatu suka yi ca, a 1996 aka janye maganar, aka kashe Ben, jaririyar da Mary Jane ke ɗauke da cikinta kuma aka kawar da ita daga labarin. Bayan 'yan shekaru aka sa Mary Jane a jirgin sama ya tarwatse. Ba ta mutu ba, ta dawo, sai aka raba su zama. J. Michael Straczynski, wanda ya karɓi rubutun a 2001, shi ya sasanta su a 2003, ya mai da Peter malamin kimiyya a tsohuwar makarantarsa, ya kuma rubuta auren da kyau fiye da yawancin waɗanda suka gabace shi.

Joe Quesada ya zama babban edita a shekarar 2000, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Hujjarsa, in an faɗe ta da adalci, ga ta. Spider-Man labarin ƙuruciya ne. Injin da ke tura shi shi ne saurayin da komai ke kuɓuce masa: kuɗin haya, jarrabawa, alkawarin da ya yi wa budurwa ya saɓa saboda ya tsaya ceton wani. Mai aure, wanda matarsa ta san sirrinsa kuma tana bayansa, rabin wannan damuwar ta kau. Sannan aure na jawo haihuwa, haihuwa na jawo ƙidayar shekaru, kafin ka ankara jarumin yara ya zama sa'an iyayensu. Mutanen yau sun ci moriyar Peter saurayi, me zai sa a hana yaran gobe? In aka ce a yi saki, ya zama bazawari, in aka kashe matar ya zama wanda mata ta mutu ta bari, duka biyun sun fi auren ma tsufar da shi. Gaba kura baya sayaki. Abin da Quesada yake so shi ne a wayi gari auren bai taɓa faruwa ba.

Ga yadda aka yi. A 2006, cikin babban labarin Civil War, gwamnati ta kafa dokar yi wa jarumai rajista, Peter ya bi bayan Iron Man ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida. Daga baya ya gane ya yi kuskure, ya koma ɓangaren Captain America mai adawa da dokar, ya zama wanda hukuma ke nema. Maƙiyansa yanzu sun san sunansa da iyalinsa. Ɗaya daga cikinsu, Kingpin, yana daga kurkuku, ya yi hayar maharbi. Harsashin ya kuskure Peter ya samu Anti May. Daga nan One More Day ya ɗauka, a ƙarshen 2007, fitowa huɗu, Straczynski na rubutu, Quesada da kansa na zane. Tsohuwa na kwance a asibiti cikin doguwar suma, likitoci sun cire rai. Peter ya je wajen Tony Stark, wato Iron Man, ya je wajen mai sihiri Doctor Strange, ya zaga duk masu ilimi da masu sihirin wannan duniyar, kowa ya ce ba shi da abin yi.

Sai Mephisto ya bayyana, wanda a duniyar Marvel shi ne ke tsaye a matsayin shaiɗan. Ya ce zai tashi tsohuwar. Ba ransu yake so ba, aurensu yake so, a shafe shi daga tarihi kamar ba a yi ba, wani ɓangare na zuciyarsu kuma ya ci gaba da jin raɗaɗin abin da ya rasa bai san mene ne ba. Ya ba su kwana ɗaya su yi shawara, daga nan sunan labarin ya fito. Suka kwana rungume da juna a ɗakin wani ƙaramin otal. Mary Jane ce ta fara amsawa, da sharaɗin duniya ta manta wane ne Spider-Man, ta kuma raɗa wa Mephisto wata magana a kunne. Bayan sun amince, sai ya nuna musu wata yarinya mai jan gashi da Peter ya gamu da ita tun farko, ya ce 'yarsu ce da za su haifa, yanzu ba za a haife ta ba. Shafi na gaba, a fitowa ta 545, Peter ya farka a gidan Anti May, gwauro, tana soya masa abin karin kumallo. Abokinsa Harry Osborn, wanda ya mutu tun 1993, yana raye ana yi masa liyafa.

Marubucin da kansa bai ji daɗi ba. A watan Disamba na 2007 Straczynski ya faɗa a bainar jama'a cewa ya nemi a cire sunansa daga fitowa biyu na ƙarshe, Quesada ya lallashe shi ya bari. Mutane da yawa suna kuskuren fahimtar wannan. Ba warware auren ya ƙi ba, ya san da shirin kuma ya yarda zai rubuta. Hanyar ce ba ta gamshe shi ba. Shi ya so a koma wani lokaci takamaimai a tarihin jarumin a sauya abu ɗaya, sannan a bi sakamakon da hankali, ko da hakan zai dawo da Gwen Stacy. Editoci suka ga wannan zai rushe labaran shekara talatin da wani abu, suka sake rubuta ƙarshen. Ya ruwaito cewa da ya tambayi yadda abubuwa za su haɗu, amsar da ya samu ita ce sihiri ne, ba ya buƙatar bayani. Wannan amsar ta fi komai ƙona ran masu karatu, domin mutanen da suka yi shekaru suna sayen mujalla saboda abin da ya faru yana da muhimmanci, an ce musu ba shi da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutane suna cewa an ɓata Mary Jane, ni kuwa ina ganin Peter aka fi ɓatawa. Duk ginin wannan jarumin a kan dare ɗaya yake: ya ga ɓarawo ya wuce shi bai tare ba, ɓarawon ya je ya kashe baffansa, daga ranar ya koyi cewa wanda aka ba iko an ɗora masa nauyi. Ba a taɓa ba shi damar goge wannan daren ba. Ɗaukar sakamakon kuskurensa shi ne jarumtarsa, ba ƙarfin damtse ba. A One More Day shi ya cire abin rufe fuskarsa da hannunsa, harbin tsohuwar sakamakon zaɓinsa ne, kuma labarin bai ɓoye cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne laifin a wuyansa yake ba. Wato ba don ita kaɗai ya yi cinikin ba, har da don ya huta da zargin kansa. Ya sayar da aurensa da 'yarsa ga shaiɗan don kada ya ɗauki abin da ya jawo. Kuma tunda an goge masa tunanin abin, ba zai taɓa nadama ba, ba zai taɓa gyarawa ba. Mugu ya ci riba, an rufe littafi. Kamfanin da ya ga saki ya yi wa jarumin yara muni, bai ga munin wannan ba, abin da har yau na kasa fahimta ke nan.

Ka ƙara da cewa an taɓa rubuta mutuwar Anti May, kuma an rubuta ta da mutunci. A 1995, fitowa ta 400, DeMatteis ya sa ta ta nemi Peter ya kai ta saman dogon benen Empire State. Suna tsaye suna kallon gari ta tambaye shi yadda ake ji idan ana shawagi a sama, ta nuna masa ta daɗe da sanin sirrinsa kuma tana alfahari da shi. Suka koma gida ta kwanta, ta cika yana gefenta. A 1998 aka ce wai ba ita ba ce, wata 'yar wasan kwaikwayo ce aka yi wa aikin fuska. Straczynski ya zo ya gyara ɓarnar da hanya mafi kyau: a 2002 ya sa ta gano sirrin da gaske, suka zauna suka yi magana ta fitowa guda cur, ta gaya masa ita ma tana ɗauke da nata zargin a kan daren da mijinta ya mutu. Daga nan ta zama mace mai ƙarfi da yake neman shawararta. Cinikin Mephisto ya tafi da wannan ma. An ceci ranta, an mayar da ita tsohuwar da ba ta san komai ba.

Ban ce duk abin da ya biyo baya shara ba ne. Daga Janairun 2008 aka haɗe mujallun jarumin uku suka zama ɗaya mai fitowa sau uku a wata, aka kawo ayarin marubuta, Dan Slott da Marc Guggenheim da Bob Gale da Zeb Wells, aka samu sababbin mugaye da sabon kuzari. Slott ya riƙe rubutun har 2018. Amma ka ɗauki waɗannan labaran ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka wanne ne ba zai yiwu ba da Peter na da mata. Kaɗan ne ƙwarai. Wanda zan sallama shi ne na 2013, inda maƙiyinsa Doctor Octopus ya shige jikin Peter ya zauna a matsayinsa, wannan da akwai mata a gida da abin ya yi ƙazanta. Sauran kuwa ba rashin aure ne ya gyara su ba, marubuta ne masu kyau. 'Yan matan da aka kawo masa bayan nan babu wadda ta kama zuciyar masu karatu, saboda kowa ya riga ya san ƙarshen: ba za a bari ta kai ko'ina ba. Neman aure da aka haramta masa kaiwa ga aure ba ya sa mai karatu ɗoki.

Hujjar ƙuruciyar ma tana da rami. Tun shekarar 2000 Marvel na buga Ultimate Spider-Man, inda Brian Michael Bendis da Mark Bagley suka sake faro labarin da Peter ɗan sakandare a wata duniya ta daban, kuma yana ciniki. Yaron da ke son Spider-Man sa'ansa yana da shi tun kafin a taɓa auren. A 2011 aka ƙara da Miles Morales, wani yaro daban da ya zama Spider-Man, wanda yanzu yara da yawa shi suka fi sani. A jaridu kuwa, inda Stan Lee ke da ta cewa, an gwada bin sahun mujalla a farkon 2009, wasiƙun masu karatu suka yi yawa, cikin 'yan watanni Peter ya farka ya ga matarsa, aka ce mafarki ya yi. Kamfanin DC ma ya bi wannan hanyar ya dawo: ya aurar da Superman da Lois Lane a 1996, ya shafe auren a 2011, zuwa 2016 ya maido su har da ɗansu Jon, kuma ba wanda ya ce Superman ya lalace.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da masu karatu suka so shi ne daidai. A 1988 DC ta ba da lambobin waya biyu a zaɓa ko Robin na biyu, Jason Todd, yaron da ke taimaka wa Batman, ya rayu ko ya mutu. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu, da ratar 72 aka kashe yaro. Ba haka ake rubuta labari ba. Mutuwar Gwen Stacy da ake yabo yau, a lokacinta wasiƙun zagi Conway ya sha. Kuma a cikin masoyan auren akwai waɗanda suka wuce gona da iri: a 2012 har barazanar kisa aka aika wa Dan Slott saboda labarin zane. Wannan abin kunya ne, ya kuma ba editoci damar su yi wa duk mai ƙorafi kuɗin goro su ce masu hayaniya ne kawai. Edita na da haƙƙin ya yanke abin da masu karatu ba sa so. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya sa jarumin ya aikata abin da ya saɓa wa asalinsa don kawai a isa inda ofis ke so.

Dalilin da wutar ba ta mutu ba kuwa, kamfanin ne da kansa ke ƙara mata itace. A 2010 Quesada ya rubuta One Moment in Time don cike giɓin: wai ranar ɗaurin auren Peter ya suma a wajen kama wani ɓarawo bai iso ba, sai suka ci gaba da zama tare ba aure. A 2015 aka fitar da Renew Your Vows, wata duniyar da auren ya ɗore har da 'ya. A 2018 Nick Spencer ya maido su soyayya, ya yi shekara uku yana nuna alamun zai warware cinikin Mephisto, ya tafi a 2021 bai warware ba. A 2022 Zeb Wells ya buɗe nasa da Mary Jane tana zaune da wani mutum mai suna Paul, wanda cikin ɗan lokaci ya zama sunan da masu karatu suka fi tsana. A wannan shekarar Quesada ya bar Marvel, hukuncin kuma bai motsa ba. Shi ya sa nake gaya wa masu zaginsa shi kaɗai cewa sun kama reshe sun bar tushe. Matsayin kamfani ne, shi dai ya yarda ya sa hannunsa da sunansa. Ana nuna wa mutane abin da suke so ta taga, a hana su ta ƙofa, saboda an gane fushin ma yana sayar da mujalla.

Fim ɗin da ka kalla, No Way Home, daga One More Day da One Moment in Time ya ɗebo kayansa: duniya ta san sirrin Peter, Doctor Strange ya yi sihirin mantuwa. Amma dubi abin da masu fim suka juya. Anti May ta mutu kuma ba a dawo da ita ba. Babu shaiɗan. Peter da bakinsa ya nemi kowa ya manta da shi don ya ceci wasu, shi kuma yana tuna komai. Ya shiga shagon da budurwarsa ke aiki da takardar abin da zai gaya mata a hannunsa, ya ga tabon rauni a goshinta, ya mayar da takardar aljihu ya fita. Sakamakon kusan ɗaya ne da na mujalla, ya koma shi kaɗai a ɗan ɗakin haya. Mutane suka fito suna share hawaye, ba wanda ya ce an ci amanar jarumin, saboda a nan shi ya biya, yana sane.

In kana so ka auna da kanka, karanta fitowa ta 400 sannan ka karanta ta 545 a zama ɗaya. Bayan nan ka nemi sabon Ultimate Spider-Man da Jonathan Hickman da Marco Checchetto suka faro a Janairun 2024. A can Peter ɗan shekara 35 ne, mijin Mary Jane, uban yara biyu, Richard da May, sai a wannan shekarun gizon ya cije shi. An sake buga fitowar farko sau da dama, mujallar ta kuma shiga sahun waɗanda suka fi ciniki a shekarar. A fitowa ta biyu ya dawo gida cikin dare bayan ya sha kashi, ƙaramar 'yarsa ta fito ta gan shi a kicin sanye da baƙaƙen kayan, ta tsorata. Ya cire abin rufe fuskar ya nuna mata babanta ne. Ita ce kuma ta taya shi zaɓen launin kayan da ba zai firgita yara ba, ja da shuɗi.